Mitar Iskar Baba Zai-Cika

Mahaifina makanike ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa saya wa kowa abu daidai da shi ba. Takalmina na farko na makaranta sai da Inna ta cusa masa tsumma har rabi. Rigar yayana kuwa sharar tsakar gida take yi duk inda ya bi. In ka yi ƙorafi, amsar ɗaya ce: "Zai cika. Ai girma ake yi, ba ƙanƙancewa ba." Har maƙwabta suka laƙaba masa Baba Zai-Cika, shi kuma yana amsawa da fara'arsa. Ni dai takaicin nan ne ya mai da ni tela. Tef ɗin awo ba ya barin wuyana, kuma wallahi ban taɓa ƙara wa kowa ko rabin inci ba.

Da ya ajiye aiki sai ya tare a rumfar bayan gida da wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, wadda ya janyo a mace. Shekara shida yana ɗinke ta, bai taɓa hawa titi da ita ba. Daga ƙarshe ya ɗaura mata sufacaja, wato injin da ke ɗura wa mota iska da ƙarfin tsiya don ta yi gudun da bai kamaci ɗan shekara saba'in ba. Ana cikin haka likitan ido ya ce masa lasisin tuƙinsa da zai ƙare a ƙarshen wata shi ne na ƙarshe, ba za a sabunta ba. Baba kuwa ko kusa ba zai taɓa sitiyari babu lasisi ba. Mako uku ke nan suka rage masa ya tuƙa motar nan da hannunsa, ko sau ɗaya ne.

Abu ɗaya ya rage, mitar iska. Ita ce ke auna iskar da ke shiga injin, ta gaya wa ƙwaƙwalwar motar yawan man da za ta saki. Tsohon abokinsa Mai Waya, wanda ke gyaran lantarkin mota, ya zo da kwamfuta ya jona, ya ce tsohuwar mitar ta yi ƙanƙanta.

"In ka taka totur, iska ta fi ƙarfin lissafinta, mai ya gaza, injin ya ƙone. Ga lambar wadda za ka saya. Wannan fa, ba wata ba. Ka ji ni, Zai-Cika?"

"Na ji," in ji Baba, yana kallon wani wajen.

Ni ya ɗauka zuwa shagon kayan gyara, don in karanta masa ƙananan rubutun jikin kwali. Mai shago ya jera guda uku a kan kanta. Na duba takardar da Mai Waya ya rubuta lambar na nuna ta tsakiya. Baba ko kallonta bai yi ba. Hannunsa na kan ta ƙarshe, mai baki kamar na bokiti.

"Baba, ba ita aka rubuta ba."

"Takarda ta san injina ne? Gobe in na ƙara masa ƙarfi fa? Zai cika."

"Mota ce fa, Baba! Ba ta cin abinci, ba ta girma!"

Mai shago ya sa baki a hankali ya ce ta motocin tsere ce. Ashe zuga shi ya yi bai sani ba. Baba ya rungume kwalin ya yi gaba.

Washegari da hantsi ya ɗaura ta ya murza makulli. Motar ta yi wani ruri, kajin maƙwabta suka watse, Baba ya dube ni yana washe baki. Yana ɗage ƙafa daga totur sai ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi a kan shanyar Inna, ta mutu. Inna ta fito da zaninta fari a hannu ya koma kalar gawayi, ta dubi Baba ta dubi motar ta ce, "Sannu da cikawa."

Kwana goma sha biyu muka yi a haka. Motar nan in ana taka ta lafiya lau, amma ta ga an sassauta, shi ke nan ta kwanta. Ta mutu a bakin ƙofa, ta mutu a kwanar layi, ta mutu a danjar farko motoci na zuba mana oda. Wa ke turi? Ni, matar aure mai 'ya'ya uku, da tef a wuya. Baba ya canja fulogi, ya zargi mai, ya zargi batir, har ya ce wai nauyina ne ke damunta. Kai, ranar nan na ji haushi, na bar masa motarsa a titi na taka zuwa shagona.

Mai Waya ya dawo, ya buɗe bonet, ya yi salati.

"Zai-Cika, ka taɓa auna cokalin gishiri a sikelin buhu? To abin da ka sa ta yi ke nan. 'Yar iskar da injin ke sha a tsaye ba ta ma jin ta, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa zuba mai da ka. Ƙarama ta hana ka gudu, babba ta hana ka tsayuwa. Daidai ake nema."

Baba ya ce shi da ya fara riƙe sifana Mai Waya ko tafiya bai iya ba. Mai Waya ya naɗe wayoyinsa ya tafi.

Saura kwana huɗu sai ga Baba a shagona. Bai taɓa shigowa ba, don a ganinsa ɗinki daidai jiki ɓarnar yadi ce. Ya zauna a kan benci, ya ɗauki wata 'yar rigar yaro da na gama yana juya ta.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana in magana ta yi nauyi, "kin san me ya sa nake sayo muku manya? Duk wanda na saya wa babba, ina sa rai ne zan ga ranar da zai cika shi. Ku dai kun cika, alhamdulillahi." Ya ajiye rigar. "Wannan kuwa ba ni da kwanakin jiran ta. Tashi mu je, ki karanta mini ta tsakiyar."

Na yi kamar zare nake nema a ƙarƙashin keken ɗinki, don idona ya cika.

Mai Waya ya ɗaura ta ba tare da ya yi wa Baba gori ba, abin da na san ya sha wuya kafin ya iya. Motar ta tashi ta zauna lafiya, tana gurnani a hankali. Ranar ƙarshe ta wata, bayan la'asar, Baba ya fita da ita babban titin bayan gari ina gefensa. Da ya taka, sai da bayana ya manne da kujera, na yi ta salati, shi kuwa yana ƙyalƙyala dariya irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. Muka tsaya a danja uku a hanyar dawowa, ba ta mutu ko sau ɗaya ba. A ƙofar gida ya kashe ta, ya zare makulli ya miƙo mini.

Da muka shiga ya tsaya a tsakar gida ya buɗe hannuwa.

"Auna ni. Riga nake so, daidai da ni."

Na zagaya tef a ƙirjinsa. Sai a lokacin na ga yadda ya rame, tef ɗin ya haɗe da wuri ƙwarai. Na rubuta awon a littafi, na tsaya ina kallon lambar. Sannan na soke ta na ƙara inci uku.

Da ya sa rigar, kafaɗunta sun zubo masa. Ya ɗaga hannu yana harara ta.

"Ke da ba kya ƙari? Wannan ai ta yi mini yawa."

Na gyara masa wuya na ce, "Za ka cika, Baba."