Ni da Yara Biyu a Ruwan Wikki

Mun tashi da asuba daga Zinder, ni da ƴata mai shekara tara da ƙanenta ɗan shekara biyar. Tun rasuwar mahaifiyarsu ba mu je ko'ina ba, shi ya sa da bakansi, wato dogon hutun makaranta, ya matso na duƙufa ina tsara mana tafiya Yankari, a Najeriya: iyo, kallon giwaye, yawon daji. Har maganin zazzaɓi na saya.

A Takieta muka sha shayi da burodi. Kafin Matamaye yaron ya amayar da nasa a rigata. A kan iyaka ma'aikacin da ya duba takardunmu ya ce, "Ina uwarsu?" Na faɗa masa, ya yi mata addu'a. Kafin mu isa Kano mutum huɗu sun yi mini tambayar nan, kowane karo kuma sai ƴata ta juya fuskarta wajen taga.

A Kano muka kwana. Ƴar sefata ta koma damin naira, na ji kamar attajiri, kuɗin motar Bauci ya dawo da ni hayyacina. Masar Bauci dai ta cancanci sunanta, ko da yake a tsaye na ci tawa, jaka a kafaɗa, hannu ɗaya riƙe da yaro.

A Yankari giwa ba ta fito mana ba, kashinta kawai aka nuna mana. Birai kuwa har ƙofar ɗaki, ɗaya ya fizge mana burodi.

Wikki ruwa ne mai ɗumi, garau, kana hango yashin ƙasansa. A nan tsarina ya tsaya, don ban taɓa tunanin wa zai raka yarinya wurin canza kaya na mata ba. Ta shiga ita kaɗai. Na tsaya a waje, yaron yana ja na zuwa ruwa. Shiru-shiru ba ta fito ba. Na kira, ba amsa. Shiga ba dama, sakin hannunsa ba dama.

Sai na tari wata dattijuwa Bakanuwa da ta zo da jikokinta. "Hajiya, don Allah ki duba mini ƴata."

Ta jima kafin ta fito da ita, an gyara mata kitson da na cukurkuɗa da safe, idanunta jajur. "Lafiyarta ƙalau, Malam," in ji Hajiya. "Ta ga kowace yarinya da uwarta ne, ta zauna a lungu. Kawo yaron nan, ka je ka shiga ruwa."

Ban shiga ba. Na jingina da bishiya don in ɗan huta, sai farkawa na yi la'asar ta wuce, su biyun suna fantsama ruwa cikin jikokinta, ƴata tana ƙyalƙyala dariyar da na daɗe ban ji ba.

Mun dawo gida lafiya, bayana kamar an daka. Abin da na koya shi ne na tsara mota da masauki da wasanni, na manta mutum. Washegari na tafi Mirriya wajen yayar marigayiya, wadda ta daɗe tana cewa in riƙa kawo su ina cewa zan iya. Na ce, "Yaya, baɗi da ke za mu."

Ta dube ni ta ce, "Sai baɗi? Kawo su ranar Asabar."