Rabin Filin Isufu

Isufu mai amalanke, na nan Guci, ɗan ƙanwata ne. Tun yana yaro ba ya iya zama, tuwo ma a tsaye yake ci.

To, wata rana a motar Magaria ya zauna kusa da wani mutum, wai shi Mala. Suka raba goro, hira ta yi daɗi. Mala ya ce akwai fili a Dungass, bakin babbar hanya, ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Su haɗa su saya, su yi butik-butik, wato shaguna, su ba da haya. Isufu bai tambayi garinsu ba, bai tambayi sunan ubansa ba. Ya dawo ya sayar da sansa, wanda ke ja masa amalanken.

Filin gaskiya ne fa, an saya gaban shaidu. Mala ya ce zai je Libiya ya nemo na siminti. Shi ke nan, nimeron wayarsa ya daina shiga.

Sai Isufu ya rasa inda zai sa kansa. Ba sa, ba aiki. Masu saye na zuwa, ba shi da ikon sayarwa. Gini kuma, ba su taɓa faɗin wane gefe ne na wane ba. Ya bi kasuwanni da ƙafa, Sassumbrum, Dantchiao, yana tambayar wani Mala dogo mai wushirya.

Matarsa Hidaya ta ce, "Maigida, ka haɗa dukiya da mutum don ya ba ka goro? Da ya ba ka tsire ai da ni ma ka sayar!"

Ya zo mini yana ta kaiwa da komowa a tsakar gida. Na ce, "Kai, zauna, kana sa ni jiri."

"Inna, in na ɗauki gaban hanya, ya dawo fa? In ya mutu, 'ya'yansa fa?"

"To ɗauki bayan mana."

Ya tsaya cak.

Haka ya yi. Ya kira shaidun nan, aka ja igiya, ya ɗauki baya inda ba mai son haya. Ya buga tubali da hannunsa, ya yi ɗaki biyu, wani mai ajiyar gyaɗa ya kama. Da wannan ya samu ɗan maraƙi.

Gaban kuwa yana nan fayau, awaki ke kwana. Har yau mota ta tsaya, sai ka ga Isufu ya saki abin da ke hannunsa ya fita duba masu sauka.