Fulogin da Na Ɗora wa Laifi

Shekarar da na bar aikin koyarwa na sayi wata tsohuwar akori-kura mai shan fetur, don in riƙa ɗauko dawa da wake daga Manga da Dirin Daji ina kawowa Zuru. Ban san komai a kan inji ba. Murɗa makulli kawai na iya, sai addu'a.

A kaka ta biyu motar ta fara tari. In na tsaya sai ta kama rawa, sitiyari na karkarwa a hannuna. In na kama hawa da kaya kuwa, sai ƙarfinta ya tafi, salansa na ta harbi.

Kwana kaɗan kafin haka na canza mata fulogi. Huɗu injin ke ɗauka, amma a shagon kayan mota na wata 'yar ƙabilar Ibo, inda na saba saye, uku kawai suka rage na irin nawa. Ta cika mini na huɗun da na wani kamfani, ta ce lambarsu ɗaya. Duk direban da na ba labari a tasha, magana ɗaya yake yi: ai ba a haɗa fulogi. Na kwance na huɗun nan, na koma shagon na dangwara mata a kan tebur, na ce ta cuce ni. Da mutane a wurin.

"Malam, lamba ake dubawa, ba kwali ba," ta ce. Ban tsaya na ji sauran ba.

Na sayi huɗu sababbi iri ɗaya a wani shago. Tari bai daina ba. Aka wanke kafireto, aka zubar da man tanki aka zuba wani. Mako uku ina yawon gareji, ina zama a kan tsohuwar taya tun hantsi har la'asar. Matata ta daina tambayata ko an dace. In na shigo sai ta kai mini ruwan wanka kawai.

Daga ƙarshe aka tura ni wurin wani tsohon soja da ke gyaran mota a ƙofar gidansa, kowa Saja yake ce masa. Bai kwance komai ba. Ya ce in tayar da motar in bar ta tana aiki. Ya naɗe hannu da tsumma, ya riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya zare sai injin ya ƙara shaƙewa, ban da ta uku. Ita ya zare, ƙarar ba ta canza ba. Ya sa na kashe, ya musanya fulogi na uku da na farko, aka sake tayarwa. Ciwon bai bi fulogin ba, yana nan a wurinsa.

Ya lanƙwasa waya ta ukun ya nuna mini inda ta goge da ƙarfe ta tsage.

"Malam, wutar nan take zubewa. Mi ya kai ka ga fulogi?"

"Cewa aka yi haɗin ne, Saja."

"In lamba ta yi daidai, inji bai san kamfani ba."

Na zaga shaguna, babu irin wayar sai a wurin matar nan. Na daɗe a bakin titi kafin na shiga. Ta ɗauko ta ba ni. Na ce, "Madam, ki yi haƙuri da maganar rannan." Ta ce ba komai, ta juya ga wani mai saye. Da ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kama hanyar Dirin Daji, injin na tafiya sumul, ni kuwa ko murna na kasa yi. Da na isa, manoman da suke jirana sun riga sun ba wata mota kayansu. Wata tsohuwa ce ta rage da buhun wake biyu da akuya. Na ɗora su, muka dawo Zuru, tana gyangyaɗi a kujerar gaba.