Warin da ke cikin karaban ɗin Wiebe

Wiebe Hoekstra ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa motar madara a ƙauyukanmu na Firislan, kuma duk tsawon lokacin nan shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasa. Mutum ne da ba ya yar da komai. Ko ƙusa ce ta lanƙwashe, miƙe ta yake yi ya adana.

Duk bazara shi da matarsa Aukje sukan ɗaura wa mota karaban, ɗan ɗakin nan mai taya, su nufi Faransa hutu. Kamar kowa a nan, da buhun dankalinsu suke tafiya, don Wiebe ya ce na Faransa ruwa ne zalla.

Da gwiwa ta matsa masa sai aka kai karaban ɗin rumfar wani manomi. Dama tun suna amarci suka sayi karaban ɗin. Ta shekara biyu a can, tayoyi suka kwanta, gansakuka ta rufe tagogi. Bana manomin ya ce a kwashe kafin Asabar.

Aukje ce ta yanke magana. "A kira maƙwabci, shi ne kafinta. In ya ce katakon ya ruɓe, masu sayen ƙarfe su zo su ɗauka. Kuma ban da hawaye, tsoho."

Ranar Alhamis na ɗauki sukundireba muka tafi mu uku. Ana buɗe ƙofa wani wari ya tare mu, har Aukje ta ja baya. A sana'armu hanci ne ke fara gane ruɓa. Wiebe ma ya san haka. Ya cire hula ya riƙe, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

Ban yi gaggawa ba. Na bi kusurwa-kusurwa ina tsira sukundireba, na bi ƙarƙashin tagogi, na bi bakin ƙofa. Ko'ina katako garau. Sai na durƙusa na bi warin da hanci, ya kai ni akwatin da ke can ƙarƙashin gado. Na ɗaga murfin.

Buhu ne, ya narke ya zama baƙin kunu.

Aukje ta leƙo, ta toshe hanci. "Wiebe! Ba wannan ne buhun da ka rantse 'yan Beljiyam ɗin da suka sauka kusa da mu sun sace ba?"

Ya sosa ƙeya. "Cikin akwatin nan da ke saitin tayoyi na mayar da shi, don kada nauyi ya rinjayi gaba. Sai na manta."

"Mako uku ka hana ni gaishe da bayin Allah! Mako uku ina cin dankalin Faransa!"

Wiebe bai kula ta ba, ni yake kallo. "Maƙwabci, faɗa mini gaskiya. Karaban ɗin za ta tashi?"

Na ce, "Inda buhun ya kwanta ne kawai ya ruɓe, faɗinsa bai wuce faranti ba. Aikin kwana biyu ne. Sai tayoyi, sai sabulu mai yawa."

Ya mayar da hularsa.

Da muka koma gida shan gahawa, Aukje ta ba ni biskit na biyu, abin da ban taɓa gani a gidan ba. Sannan ta buɗe kabad ta fito da yadin labule mai ruwan ɗorawa, wanda ashe tun watan jiya ta saya don tagogin karaban ɗin.

Ta ce, "Bana ni zan tuƙa. Buhun kuma a gabana za a ɗora shi."