Uku Sau Huɗu da Gyara

A shekarun da kuɗin mai suka fara ambaliya, gwamnatin soja ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Azuzuwa suka yi ta tsirowa a Sakkwato kamar ciyawar damina, malamai suka yi ƙaranci. Mu da ke kwalejin horon malamai mata sai aka watsa mu cikin gari koyarwar gwaji tun ba mu gama nuna ba. Ni aka tura wata sabuwar firamare kusa da Ƙofar Atiku. Bangon ajin yana ƙanshin siminti, bencina sababbi fil, yara kuwa sun fi bencinan yawa. Galibinsu 'ya'yan mahauta ne da 'yan kasuwa.

A ƙarshen zango wata malama daga kwaleji za ta zo ta zauna a bayan aji ta kalli darasina guda ɗaya. In ta gamsu, in sami takardar shaidar malanta. In ba ta gamsu ba, in maimaita shekara. Kirista ce, mutuniyar duwatsun Filato, ta daɗe da zama a Sabon Gari. Tana sa tabarau mai kauri, kuma a kwaleji ba wanda ya taɓa ganin haƙoranta. Darasin da ya faɗo mini shi ne lissafin sau, wanda yaran ba su taɓa jin labarinsa ba.

Ni a lokacin yarinya ce mai yawan kallon taga. Ina rubuta 'yan baitoci a bayan littattafaina, kuma a ganina lissafin sau kyakkyawan abu ne, abu ɗaya yana tafiya yana dawowa kamar amshin waƙa. Don haka ranar farko na nuna wa yara itacen dogon yaro da ke bakin taga.

"Ku duba," na ce da murya mai laushi. "Kurciya uku, kowace da fiffike biyu. Fiffike nawa ke nan suke ɗauke da su zuwa sararin Allah?"

Can wata 'yar gajeruwa a bencin gaba ta ɗaga hannu. Jikar wani babban mahauci ce, muryarta ta fi jikinta girma, kuma duk abin da ta yanke a ajin nan ya yanku.

"Malama, mi za a yi da fiffiken kurciya? Ko tsoka guda babu gare shi."

Wata daga baya ta ce a ƙirga cinyoyi, sun fi auki. Ana cikin gardama kurciya ɗaya ta tashi, rabin ajin suka ce a cire ta, rabi suka ce za ta komo. Haka aka kaɗa ƙararrawa.

Da na koma gidanmu a Ƙofar Dundaye na ba Inna labari, ta yi dariya har ta ajiye muciya.

"Ke da tsuntsayenki! Ɗiyan kasuwa na. Ki kasa musu kaya kashi-kashi, ki gani."

Washegari na shiga aji da mudun aya. Na raba musu a kan bencina, na ce yau kasuwa za mu ci, su ne masu kaya, ni ce mai saye. Nan take idanuwa suka buɗe. Na tsaya gaban 'yar gajeruwar nan na ce ta kasa mini kashi uku, kowane kashi aya huɗu. Kafin in rufe baki ta jera su reras, har da goge benci da gefen zane.

"Madalla. To wannan shi ake kira uku sau huɗu. Duka nawa ke nan?"

"Sha uku, Malama!"

Na matsa benci na gaba na nemi kashi biyu na biyar-biyar. Aka ce sha ɗaya. Na nemi biyu sau biyu, aka ce biyar. Duk ajin bakinsu ɗaya, ba mai ko ɗar. Har na fara zargin kaina, na ɓoye hannu a cikin gyale ina ƙirga yatsu. Sai na koma wurin 'yar gajeruwar na duba da kyau. Ga kashi uku daidai, ga kuma wata aya guda an ɗora a kai kamar hula.

"Wannan ɗayar fa?"

"Wagga? Ai gyara ta, Malama."

Na ce a lissafi babu gyara. Ajin ya ɗauki salati. Wata ta dafe ƙirji.

"To shi lissahin marowaci na?" in ji 'yar gajeruwar. "Kakana yac ce mahaucin da ba ya gyara, ko ƙuda ba ya komawa rumhwatai."

Na yi bayani, na yi lallashi, na rubuta sha biyu a allo da manyan baƙaƙe na ja layi a ƙasa. Suka dubi allon da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai sami tarbiyya ba. Sun gane lissafin sarai, hannunsu bai taɓa kuskuren kashi ba. Amma a ce an miƙa wa mai saye kaya cif-cif ba ƙari, wannan abin kunya ne da ba za su ja wa gidajensu ba.

Abin bai tsaya nan ba. Da yake kullum ni ce mai saye, sai na zama abokiyar ciniki ta gida, gyarata ta fara hauhawa. Uku sau huɗu ya koma sha huɗu. Ranar da na sa sabuwar atamfa ya kai sha biyar. Ranar da na yi musu faɗa a kan surutu ya sauko sha uku, aka faɗe shi da ɗaure fuska. Ta amsar uku sau huɗu nakan san matsayina a zukatansu. Wani sashe na zuciyata yana jin daɗin haka, har baiti na yi a kai. Ɗaya sashen kuwa yana hango tabarau mai kauri a bayan aji, da ni zaune a kwaleji wata shekarar tare da 'yan ajin bayana.

Wata la'asar ina zaune a tsakar gida mai tallan wake ta shigo. Ta cika mudu, ta nuna wa Inna, ta juye a ƙwarya. Sai da Inna ta gyaɗa kai sannan ta damƙo kaɗan ta zuba mata daban a tafin hannu. Ashe gyara ba ta shiga cikin mudu. Sai an gama awo, an ga ya cika, take zuwa.

Da safe na tafi da ɗan kwanon sha na ajiye a kan teburina. Na ce daga yau mai kaya zai fara faɗin kayansa daidai da babbar murya, sannan ya zo ya sa gyara a kwano. Kowa ya juya yana kallon bencin gaba. 'Yar gajeruwar ta yi tunani irin na alƙalai, ta ce haka ma mutunci ne. Tun daga ranar uku sau huɗu ya dawo sha biyu, kwano kuma yana ta ƙwal-ƙwal.

Ranar jarrabawa malamar ta iso a cikin sabuwar ƙaramar mota, ta zauna a bayan aji da jaka a kan cinya. Darasi ya tafi lami lafiya. Ana kasawa, ana amsawa, ana jefa aya a kwano. Har na fara samun damar numfashi sai ta ɗaga alƙalami.

"Malama, kwashe ayar nan da kwanon. Ina so in ji ko abin yana cikin kansu."

Na kwashe, na kulle a kabad. Ta taso ta tsaya gaban bencin farko, ta nuna 'yar gajeruwar.

"Ke. Uku sau huɗu nawa?"

Yarinyar ta dubi takalmin malamar, ta dubi agogonta, ta leƙa motar ta taga. Ga babbar mai saye, ga ta baƙuwa, ga kuma ba kwano. Na san abin da take aunawa, kuma a lissafina ba zai gaza ashirin ba. Na juya ga kurciyoyina ina addu'a.

"Sha..." ta ja shi kamar za ta kai shi Ƙofar Dundaye. "Biyu."

Ta faɗe shi kamar an cire mata haƙori. Ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Abin ya gagare ta. Sai ta kwance bakin zanenta inda ta ƙulle ayar da ta zo da ita ta ci lokacin hutun ƙarfe tara, ta zazzage a kan takardar da malamar ke riƙe da ita.

"Ga gyara, Malama babba. Kar ki tahi ki ce ba mu san mutunci ba."

Malamar ta sunkuyar da tabarau, ta tura ayar da bakin alƙalami, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ce gyarar?" ta ce. "Ni da na taso tun daga Sabon Gari?"

Ajin ya kaure. Hannuwa suka tashi, kowa yana roƙon a tambaye shi. Ta tambayi biyar sau biyu, aka ce goma, aka kawo gyaɗa. Ta tambayi huɗu sau huɗu, aka ce sha shida, aka kawo gutsuren ƙuli-ƙuli. Ba amsar da ta kauce, ba kuma wadda ta zo hannu rabbana. Da takardar ta cika sai ta buɗe jaka. Ranar na fara ganin haƙoranta, suna tauna aya.

Bayan an tashi ta kira ni gindin dogon yaro ta nuna mini makina. Ya isa in wuce, ba yabo ba fallasa. Ina cikin godiya sai ta sa alƙalami a gefen takardar ta rubuta ɗaya.

"Malama, wannan fa?"

"Gyara ce," ta ce, ta maida fuskarta ta kwaleji. "A gefe na sa ta, ba ta cikin lissafi."

Na koma gida da gudu-gudu na faɗa wa Inna na ci, har an yi mini gyara. Ta tambaye ni nawa. Na ce ɗaya.

"Ɗaya tak?" Ta taɓe baki ta ci gaba da tuƙin tuwonta. "Duk wagga motar tata?"