Mai Sauraron Ƙafar Keke

Ina zaune a shagon kayan keke ina jiran a yi mini faci, sai ga wani dattijo siriri, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama, gwiwar hannunsa duk tabon tsohon rauni. Ƙafafun keken tsere yake nema, gaba da baya, masu araha.

Mai shago ya miƙo masa wasu masu sheƙi. "Baba, waɗannan ba nauyi, ga sauƙin kuɗi."

Dattijon ko kallon kwalin bai yi ba. Yana juya ƙafar kusa da kunnensa, ido ɗaya a runtse, yana taɓa wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ina zaton kayan araha sun taɓa kayar da shi a gangare, shi ya sa daɗin baki ba ya ratsa shi.

"Ba ni zan hau ba," in ji shi. "'Yata ce za ta shiga tsere. Tsakaninka da Allah, da 'yarka ce, za ka ɗora ta a kan waɗannan?"

Mai shago ya sosa ƙeya. Can ya shiga ciki, ya fito da wasu marasa ƙyalli.

Dattijon ya dube su, ya dube shi. "To, waɗannan kuma me ya sa ka ɓoye su?"