Maraƙin Ciyawa

A shekarun fari, ina koyarwa a Birnin Kudu, na shiga wata ƙungiyar masana masu binciken hankalin dabbobi. A wani taro na ba su labarin saniyarmu ta ƙauyenmu Kwandiko. Da maraƙinta ya mutu, Inna ta cusa ciyawa a fatarsa, tana ajiye mata lokacin tatsa. Saniyar ta yi ta lasa, sai nono ya zubo.

Shugabanmu ya kece da dariya, wai ga hujja dabba ba ta san mutuwa ba. Har da tafi.

Ban ƙara taka taronsu ba. A shekarar da aka yi taron nan ƙyanda ta ɗauke ƙanena, kuma na sha ganin Inna tana shinshinar rigarsa. Su je su ce mata ba ta san mutuwa ba.